Kuɗin tallafi a ƙasar Barmu: tukunya, garke da ɗaki

A ƙasar Barmu, arewa maso gabas da birnin Tawa, damina gajera ce. Ruwa yana sauka kamar wata 3, wata shekara ma ba ya cikawa. Talaka yana yanke hatsinsa cikin watan Oktoba. Ko shekara ta yi kyau, abin da ya zuba a rumbu da wuya ya kai shi wata shuka. In ta ɓaci kuwa, tun sanyi bai wuce ba uwargida ta fara share gindin rumbu. Shi ya sa da an gama kaka samari da magidanta suke ɗaure kaya su tafi bida. Wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya. A bar mata da yara da tsofaffi a gida.

Da can, in yunwa ta shigo, hatsi ake kawowa cikin manyan motoci a raba wa jama'a. Haka aka yi a 1974, haka aka yi a 1985. Wani lokaci kuma a ba mutane abinci ladan aiki, kamar yadda aka yi a babban aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984. Daga shekarar 2005 wani sabon abu ya shigo Nijar. Maimakon buhu, sai a miƙa wa mutum kuɗi a hannu. Ƙungiyar Red Cross ta yi haka a Tanut a wannan shekara. Daga nan abin ya bazu har ya iso Adar.

Wane irin kuɗi ne?

Ba bashi ba ne, ba a biya. Ba ladan aiki ba ne, ba a ce sai ka haƙa rabin wata ko ka jera duwatsu. Ba a ce ga abin da za ka saya da su. Shi ya sa ake kiran su tallafin da ba sharaɗi. Ana rubuta gidajen da suka fi rashi a gari, kuma galibi da sunan mace ake rubutawa, ita ce take zuwa karɓa.

Dalilin ba da kuɗi maimakon hatsi ba shi da wuyar ganewa. Sau da yawa akwai hatsi a kasuwa, abin saye ne babu. A 2005 kasuwanni ba su bushe ba, amma buhun hatsi ya kai jaka 30 a wasu wurare, bisashe kuma suka faɗi warwas. Ga shi kuma buƙatar gidaje ba ɗaya ba ce. Wannan gida hatsi ne ya ƙare. Wancan yaro ne kwance ba lafiya. Na gaba iri ne babu. Buhu ba ya sanin wannan bambanci, amma uwargida ta sani.

Sai dai kuɗi ba a tuƙa su a ci. In kasuwa ba hatsi, ko hanya ta yanke, raba kuɗi yana iya ƙara wa tiya tsada ne kawai. A irin wannan hali buhu ya fi.

Abin da aka yi a jahar Tawa a 2010

Daminar 2009 ba ta yi kyau ba. A 2010 ƙarancin cimaka ya kama ƙasa. Ƙungiyar Concern Worldwide, wadda ta daɗe tana aiki a jahar Tawa, ta raba kuɗi ga gidaje wajen 10.000. An zaɓi ƙauyukan da gwamnati ta ce abin da suka girbe bai kai rabin abin da suke buƙatar ci ba. Kowace mace da aka rubuta ta samu kamar jaka 22 a wata, har wata 5. Mai karatu ya lissafa: 22 sau 5, jaka 110 ke nan.

Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta sun bi ƙauyuka 96 suna tambayar mata abin da suka yi da kuɗin. Amsa ba ta ba kowa mamaki ba a Adar. Hatsi ne a gaba. Bayansa wake, mai, kayan miya, magani, da biyan bashi.

Wani zai ce, ashe cinyewa aka yi, ba abin da ya rage. Wannan magana tana buƙatar a duba ta da kyau, domin a nan ne babban amfanin kuɗin yake ɓoye.

A ɗauki gidan da rumbunsa ya ƙare cikin watan Mayu. Ruwan shuka ya sauka cikin Yuni. Maigida yana da gona, yana da ƙarfi, amma ba abin da za a ɗora a murhu yau. Hanya uku ce gabansa, kuma duka ukun suna cin gobe.

Ta farko barema. Ya tafi gonar mai hali ya yi noma, a biya shi da yamma, ya auno tiya. Kullum haka. Tasa gonar tana jira. Kafin ya samu kwana biyu ya koma mata, haki ya rufe shuka. Wanda ya yi noman farko a makare ya san abin da zai gani da kaka. Ga shi ya yi wahalar damina cikakkiya, amma a gonar wani albarkar ta zauna.

Ta biyu bashi. Ya karɓi hatsi ko kuɗi wurin ɗan kasuwa lokacin da tiya take da tsada, ya biya da kaka lokacin da ta faɗi. A ce ya ci bashin kuɗin tiya 10 cikin Yuli. Da kaka, in farashi ya ragu da rabi, sai ya sayar da tiya 20 kafin ya biya, ko ba a ɗora masa riba ba. Rumbun baɗi ya fara raguwa tun ba a zuba ba.

Ta uku sayar da akuya. Lokacin da hatsi ya fi tsada, shi ne lokacin da bisashe suka fi rama, kuma kowa ya kawo tasa kasuwa. Akuyar da za ta haifi biyu ta tafi a kuɗin banza. Ta uwargida ce galibi, ita ce ajiyarta ta ranar ciwo da ranar biki.

To, jaka 22 da ta shigo cikin Yuni tana toshe waɗannan ƙofofi uku. An ci kuɗin, gaskiya ne. Amma maigida ya tsaya gonarsa, ba a ci bashi ba, akuya tana turke. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. An ga haka a ƙasar Tasawa a 2008, inda ƙungiyar Save the Children ta ba gidaje 1.500 jaka 60 kowanne, kashi 3. Masu karɓa sun rage zuwa gonakin mutane, sun ƙara kwanaki a nasu.

Ambulan da salula

A rabon 2010 an gwada hanya dabam dabam. Wasu ƙauyuka an ƙidaya kuɗi cikin ambulan, aka ɗauko su da mota da masu tsaro, mata suka taka zuwa wurin rabo suka yi layi. Wasu ƙauyuka an ba mata salula, kuɗin suka shigo ta cikinta, ta hanyar da kamfanin Zain ya kira Zap. Mace ta je wurin wakilin kamfani mafi kusa ta fitar, ranar da ta ga dama.

Kuɗin ɗaya ne, amma abin da suka yi ya bambanta. Matan salula sun tsira da kimanin awa 20 na tafiya da jira cikin wata 5, kuma a tsakiyar aikin gona. Gidajensu sun fi cin abinci iri iri, yaransu sun fi samun abin ci a yini. Sun fi shuka kuɓewa da gujiya, waɗanda amfanin gonar mata ne. Akwai wani abu kuma. Ranar ambulan duk gari ya sani, har mai bin bashi da dangin nesa. Saƙon salula kuwa mai ita ce take fara ji, ta samu lokacin shawara da mijinta kafin magana ta fita.

Amma yawancin matan ba su iya karanta saƙon ba. Sai sun nemi ɗan lakwal ko wakilin kamfani ya duba musu. Wanda wani yake karanta masa kuɗinsa, da amana kawai yake tafiya. A jahohin Doso da Damagaram, a 2009 da 2010, an koyar da manya karatu tare da salula a wasu azuzuwan yaƙi da jahilci. Ɗaliban waɗannan azuzuwa sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da ta lissafi, don kullum suna taɓa haruffa da lambobi. Mace mai zuwa karatun manya, ko lambobi kaɗai ta riƙe, ta iya bambanta 10.000 da 15.000, ta kuma riƙe lambar sirrinta ita kaɗai.

Abin da kuɗi ba su warkar ba

A 2015 an sake wani gwaji a ƙauyukan Afala da Takanamat, waɗanda suke gunduma ɗaya da Barmu. Tambayar ita ce: in an fara ba da kuɗi da wuri, tamowa za ta ragu ga yara? Wasu gidaje sun karɓi jaka 32 da rabi a wata, daga Yuni zuwa Satumba. Wasu an fara musu tun Afrilu, aka raba kuɗin wata 6. Kowane gida jaka 130 ya samu gaba ɗaya. Da aka auna yara a ƙarshe, ba a ga bambanci ba. Abinci ya ƙaru a gidajen, amma tamowa ba ta sauka ba. Damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne da gudawa. Yaron da yake zazzaɓi, ko tukunya ta cika ba ya riƙe abin da ya ci. Gidan sauro, ruwa mai tsabta da zuwa likita da wuri, kuɗin tallafi ba su maye gurbinsu.

Wa aka rubuta, wa aka bari?

Nan ne rigima take. A ƙauyen da kusan kowa talaka ne, a rubuta gida 30 a bar 70, dole a yi gunaguni. Wanda aka bari yana ganin da shi da maƙwabcinsa ba su da bambanci, sai akuya ɗaya. A 2013 masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun zauna da mutane a wurare da dama, har da Tebaram, don su ji yadda jama'a suke kallon wannan kuɗi. Sun samu zargi mai yawa a kan rubuta sunaye: ana cewa an sa dangin masu faɗa a ji. Sun samu mata da yawa da suke miƙa wa miji kuɗin da zarar sun dawo, tun da ciyar da gida nauyinsa ne. Sun samu kuma garuruwan da, bayan masu rabo sun tafi, ake tattara kuɗin ko wani kashi a sake raba wa kowa.

Ba a yi wa wannan hukunci da gaggawa ba. Garin da ya sake rabo yana tsaron zumunci ne, kuma talakan da ya ci shi kaɗai bana, baɗi wa zai ranta masa? Amma a duba lissafi. Jaka 22 da aka yi niyyar ta riƙe gida ɗaya wata guda, in an raba ta gida 4, kowa ya samu jaka 5 da rabi. Ba wanda za ta hana zuwa barema. Abin da mace ta ɗiba da hannunta ta ba maƙwabciya, wannan kyauta ce. Abin da aka karɓe mata a ƙofar wani, da sunan ladan rubutu ko gaisuwa, wannan ba ya cikin tsarin tallafin. Maganin zargi shi ne a karanta sunaye a bainar jama'a, a faɗi dalilin zaɓen kowane gida, tun kafin ranar rabo.

Kuɗin gwamnati na wata wata

Na 2010 da na 2015 kuɗin gaggawa ne, na watannin wahala kawai. Gwamnatin Nijar ta kawo wani iri. A 2011, da taimakon Bankin Duniya, ta kafa shirin da ake kira Filets Sociaux, a ƙarƙashin ofishin firaminista. Kuɗin kaɗan ne, amma suna daɗewa: jaka 10 kowane wata, har wata 24. Jaka 240 ke nan cikin shekara 2. A kashi na biyu na shirin, wanda aka fara a 2019 aka kuma san shi da suna Wadata Talaka, an kai kuɗin jaka 15 a wata.

A jahohin Tawa da Tilaberi aka fara gwada shi. Gidaje sama da 2.000 sun karɓi jaka 10 a wata daga Janairun 2011 zuwa Yunin 2012, wata 18. Masu bincike ba su koma nan da nan ba. Sun bari sai da aka yi shekara ɗaya da rabi da tsayar da kuɗin, sannan suka je su ga ko wani abu ya saura. Sun tarar gidajen da suka karɓa sun fi sauran bisashe. Gonakinsu sun fi ba da amfani. Matansu sun fi shiga adashi, kuma ba su daina zubi ba bayan kuɗin sun tsaya. Abin ya fi fitowa fili a gidajen da suka fi kowa talauci. Sai dai ba a ga sababbin sana'o'i sun ƙaru ba. A Doso da Maraɗi kuma, wani bincike ya nuna abin da gidajen suke ci da kashewa ya ƙaru da kamar kashi 10 cikin 100, kuma waɗanda fari ya taɓa su ne suka fi ganin amfanin.

Me ya sa jaka 10 ta bar akuya a baya? Don an san ranar zuwanta. Kuɗin da suka faɗo sau ɗaya ba a shirya musu ba. Kuɗin da mace ta tabbata za su zo wata mai zuwa, da na bayansa, tana iya ɗaukar alkawari a kansu. Ta shiga adashi ba ta tsoron jin kunya ranar zubi. Adashi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Asusun Mata Masu Dubara ma, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, ya daɗe da shiga ƙauyuka da yawa. Abin da ya hana matalauciya shiga da can, rashin abin zubi ne.

Ga lissafin. A ce mata 10 sun haɗu, kowace tana zuba jaka 5 a wata. Kowane wata mace ɗaya ta kwashi jaka 50. Jaka 5 a hannu tana narkewa cikin gishiri da sabulu, ba a san inda ta shiga ba. Jaka 50 a dunƙule kuwa ta isa a shiga kasuwar bisashe da ita.

Gwamnati ta gwada dunƙulen da kanta. A cikin matan da suke karɓar na wata wata, an ba wasu jaka 80 a lokaci ɗaya, tare da horo kan sana'a da asusun ajiya. Sakamakon da aka bayyana a 2022 ya nuna cinikin matan ya ƙaru, cimakar gidajensu ta gyaru. Wasu ƙauyuka ba a ba da jaka 80 ɗin ba, an tara gari ne aka nuna sinima, aka yi muhawara da maza da shugabanni kan sana'ar mata, aka ƙara wa matan horo. Su ma sun ci gaba sosai. Ashe yardar miji da ta gari ita ma jari ce.

Maganar ɗaki

Yanzu a zo ga muhalli. Mutane da yawa suna tambaya: wanda ya shekara 2 yana karɓar kuɗi, me ya sa har yanzu ɗakinsa yana yoyo?

A Adar ɗakin talaka iri biyu ne. Akwai na kara da ciyawa, mai sauƙin yi, amma gobara da iska da gara ba su bar shi ya daɗe ba. Akwai na laka, mai rufin itace da ƙasa. Na laka ya fi, amma yana son kulawa kowace shekara. Kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo. In an tsallake shekara ɗaya ruwa ya samu hanya. In an tsallake biyu itacen rufi ya fara ruɓa. Daminar 2024 ta nuna wa kowa wannan. Ruwa ya shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, gidajen laka masu yawa sun faɗi, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe cikin watan Satumba.

Gwanintar gini ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Maginan jahar Tawa sanannu ne. Masallacin Yama, na laka zalla, ya ci babbar kyautar gini ta Aga Khan a 1986. Ƙasa kuma ga ta nan kyauta. Abin da yake cin kuɗi shi ne itacen rufi, wanda ya yi wuya yanzu sai an sayo daga nesa, da ƙofa da taga, da ladan magini, da ruwan kwaɓa inda rijiya take da zurfi, da abincin masu taya aiki. Duk waɗannan a lokaci ɗaya ake son su. Ba a sayen rabin ƙofa bana a ƙarasa baɗi. Bangon da aka tayar ba a rufe ba, damina ɗaya ta ishe shi.

Ga kuma maganar lokaci. Ana buga tubali da rani, daga bayan kaka zuwa bazara. Kuɗin gaggawa suna zuwa daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ba mai gini, kuma ciki ne yake kira. Wanda ya ɗauki kuɗin Yuli ya sayi ƙofa ya bar yara da yunwa, ba wanda zai yaba masa. Saboda haka kada a zargi gidan da ya karɓi jaka 110 a 2010 don bai canza ɗaki ba. Ba aikin da aka aiko kuɗin su yi ba ke nan.

A ƙasar Kenya an auna wannan magana sosai. Daga 2011 zuwa 2013 wata ƙungiya mai suna GiveDirectly ta ba gidaje wajen 500 kuɗi ba sharaɗi, a yankin Rarieda, kusa da tafkin Biktoriya. Gidaje masu rufin ciyawa aka zaɓa, don shi ne alamar talauci a can. Wasu an ba su kuɗinsu gaba ɗaya. Wasu an raba musu wata 9. Waɗanda suka karɓa wata wata sun fi gyara cimaka. Waɗanda suka karɓa a dunƙule sun fi sayen abu mai daɗewa, musamman kwanon rufi. Dalilinsu na lissafi ne: ciyawa sai an sake ta bayan shekara ɗaya ko biyu, kwano kuwa yana wuce shekara 10. Kuma ba a ga kuɗin giya da taba sun ƙaru ba, abin da masu suka suka fi tsoro.

Ba a ce mutumin Barmu ya kwaikwayi na Kenya ya ruga sayen kwano ba. Can ruwa ne mai yawa, nan zafi ne. Wanda ya taɓa yini cikin ɗakin kwano a watan Afrilu ya san rufin ƙasa ya fi shi sanyi nesa ba kusa ba, kuma iskar farkon damina tana yaye kwanon da ba a ɗaure da kyau ba. Akwai ma ginin da ba ya son itace ko kaɗan, mai rufin tubali a lanƙwashe, wanda aka fara koya wa magina a Nijar tun wajen 1980. Abin ɗauka daga Kenya shi ne wannan: kuɗi kaɗan kaɗan suna tafiya tukunya, kuɗi a dunƙule su ne suke hawa rufi.

A Adar, tun da daɗewa dunƙulen daga bida yake zuwa. In ka ga sabon ɗaki mai ƙofar ƙarfe a ƙauye, tambayi mai shi, galibi wani ya dawo daga Abijan ko Libiya. Amma gidan da ya fi talauci sau da yawa shi ne wanda ba shi da ɗan bida: gwauruwa mai marayu, tsoho marar ɗa namiji, ko magidancin da ko kuɗin mota bai samu ba. Irin waɗannan gidaje ne ake rubutawa a tallafi. Su kuwa hanyarsu zuwa ga ɗaki doguwa ce, kuma ta cikin garke take bi. Kuɗin wata su shiga adashi. Kwasar adashi ta zama akuya ko ɗan rago. Akuya ta haihu, rago ya yi ƙiba a turke. A sayar gab da babbar salla, lokacin da bisashe suke da daraja. Sannan a yi maganar itacen rufi da ƙofa.

Akwai kuma abin da ba ya bayyana a ido. Gidan da bai ci bashi da damina ba, da kaka hatsinsa nasa ne. Maigidan da bashi bai kore shi bida tun Nuwamba ba, yana nan lokacin buga tubali. Ko ya tafi, yana iya dawowa kafin ruwa ya yi yaɓe, maimakon ya tsaya neman abin biyan ɗan kasuwa. Ɗakuna da yawa da suke faɗuwa, ba tsufa ne ya kashe su ba, rashin mai yaɓe ne cikin watan Mayu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan da suke adashi suna iya tsara kwasa bisa ga buƙata, ba sai da ƙuri'a ba. Mai son rago ta kwasa watanni kafin salla, don ya samu lokacin ƙiba. Mai son iri da abincin noma ta kwasa cikin Mayu. Mai ɗakin da ya tsage a ba ta Disamba ko Janairu, lokacin da tabki bai ƙafe ba, ruwan kwaɓa yana kusa, magina kuma ba su shiga gona ba. In ƙungiya tana da mai rubutu, ta rubuta sunan kowace mace da watanta da abin da ta zuba cikin littafi, a karanta wa kowa ranar taro. Tubalin da aka buga cikin Janairu ya bushe sarai, a tayar da bango cikin Fabrairu, a rufe kafin iskar bazara ta taso.